Kowace Shekara Sabuwar Tarakta: Wa Ke Biyan Kuɗin Sauyin?

Ya ku manoman kwarin Majiya, masu albasar Galmi da Tsarnawa, mutanen Dogarawa, Badagishiri da Tajaye, da ku direbobi da makanikai na Birnin Ƙonni da ke jin mu daga bakin gareji. Sharhinmu na yau a kan tarakta yake, musamman wannan ɗabi'a ta kamfanoni ta fito da sabon samfuri kusan kowace shekara, da tamu ɗabi'ar ta karɓar duk wanda aka kawo mana. Me hakan ke yi wa darajar tarakta in an tashi sayar da ita? Me yake yi wa ƙarkonta? Kuma a ƙarshen lissafi, aljihun wa kuɗin ke fita?

Mu fara da inda tarakta ke aiki a yankinmu, domin ba ko'ina ba ne. Mai gero a jigawa galibi ba ya jiran ta: ruwa ya sauka, ya ɗauki sungumi, iyali su bi shi da iri. Inda ake nemanta ido rufe shi ne ƙasar laka ta fadamu, da gonakin dawa na kwari, da garaken albasa in damina ta ja baya, da kuma babban filin noman ban ruwa na Ƙonni, mai faɗin sama da hekta 2,400, wanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa tun ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, aka kuma sake gyara shi ƙarƙashin yarjejeniyar tallafi ta MCC da Nijar ta sa wa hannu da Amurka a 2016. A duk waɗannan wurare aikin huɗa yana da ƙurarren lokaci. Ƙasar laka in ta bushe garma ba ta shigarta, in ta jiƙe da yawa taya ta nutse. Tsakanin waɗannan biyun ƴan kwanaki ne, kuma a cikinsu kowa ke son a yi masa. Mai albasa kuwa da irinsa ya isa dashe ba zai iya ce wa iri ya dakata ba. Saboda haka mai tarakta a nan yana samun mafi yawan kuɗin shekararsa a cikin ƴan makonni, sauran watanni kuma ya cike da jigilar buhunan albasa, taki, yashi da duwatsun gini.

To, ku ƙaddara a tsakiyar waɗannan makonnin ne famfon gazuwal ya tsaya. Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya san yadda abin ke gudana. Makanike ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kwance famfon, ya jera ƙananan ƙarafan a cikin tasa da ɗan gazuwal don kada ƙura ta hau su. Ya ɗaga wanda ya ci, ya duba shi a hasken rana, ya ɗauki hotonsa da waya ya tura wa mai shago a Sakkwato ko Maraɗi ko Kano. Idan taraktar irin wadda aka saba da ita ce, amsa na zuwa kafin shayi ya huce: akwai, ga kuɗinsa, za a ba direban mota ya taho da shi. Gobe war haka tana gona. Idan kuwa baƙuwa ce, sai mai shago ya ce a turo lambar injin. A goge farantin da ke jikin injin, a turo. Ya ce wannan lambar ba ta cikin littafinsa. A kira wanda ya sayar da ita a Yamai, ya ce ai wannan samfurin an daina kawo shi, wanda ke hannunsu yanzu sabo ne, famfonsa daban. Za a yi odar kayan daga waje, a jira wata ɗaya ko biyu. Kafin ya iso an gama huɗa, manoman da suka ba da kafin alƙalami sun karɓi kuɗinsu sun koma wurin wani, bashin banki kuwa yana nan yana ƙirga kwanakinsa.

Wannan tsayuwar ita ce kuɗi mafi nauyi a mallakar tarakta a ƙasarmu, kuma ita ce ba a rubuta wa mai saye a takardar ciniki.

Me ya sa kamfanoni ke yawan sauya samfuri? Dalilan ba duka ne na banza ba, gaskiya a faɗe ta. Akwai gasa: kamfani ya ga abokin hamayyarsa ya ƙara ƙarfin doki biyar ko ya sauya fasalin gaba, shi ma sai ya fito da nasa don kada a ce an bar shi a baya. Akwai gyara na haƙiƙa, inda injiniyoyi suka gano wani rauni suka magance shi. Sai kuma babban dalilin da ya fi sauya cikin injin a shekarun nan, wato dokokin hayaƙi. Amurka da Turai sun yi ta tsaurara ƙa'idar hayaƙin da injin gazuwal zai fitar, mataki bayan mataki, har Turai ta shiga mataki na biyar daga 2019. Indiya ma, wadda da yawa daga cikin sababbin taraktocin da ke shigowa Afirka ta Yamma daga can ko daga Sin suke, ta tsaurara tata dokar a kan taraktocin da suka wuce ƙarfin doki 50 daga Janairun 2023. Kowane mataki yana tilasta wa kamfani ya sake tsarin injin. Famfon da da ƙarfe ne zalla, makanike na iya saita shi da sifana da kunne, yanzu kwamfuta ke ba shi umarni. Ana tura mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƙofofin da sirantarsu ta kusa ta gashin kai. An ƙara matata a bututun hayaƙi, a wasu ma an ƙara tanki na biyu na wani ruwa da ake kira AdBlue, wanda in ya ƙare injin ya rage ƙarfi da kansa.

Ga mai shaƙar iska a biranen can, wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma an ƙera injin ɗin ne da zaton zai sha gazuwal mai tsabta daga gidan mai. Namu fa? Sau da yawa daga jarka yake fitowa, jarkar da ta kwana a rana ta tara gumi a ciki, aka tace man da tsumma a bakin gona, iska na kaɗa ƙura. Tsohon famfo yana haƙuri da wannan har wani lokaci, in ya gaji a wanke shi a sauya masa ƴan ƙananan kaya. Sabon tsarin ɗigon ruwa kaɗan ko ƙwayar yashi na iya kashe masa kawunan fesa mai gaba ɗaya, kuma ba a gyara su a gindin bishiya. Ga zafin watan huɗu da na biyar da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke shiga duk wata kafa, ga ɓeraye da ke cin wayoyi in an ajiye tarakta kusa da rumbu. Kowace waya da kowace na'urar da aka ƙara wata sabuwar ƙofar lalacewa ce.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne ke kuka. A Amurka, inda ake ƙera manyan taraktocin duniya, manoma sun yi shekaru suna ƙorafin cewa tarakta na tsayawa a gona saboda wata ƙaramar na'ura, kuma ko manomi ya sauya ta da hannunsa injin ba zai tashi ba sai wakilin kamfani ya zo da kwamfutarsa ya buɗe. Abin ya kai ga wasu suka koma neman taraktocin shekarun 1970 da 1980 a wuraren gwanjo, farashinsu ya tashi. A Janairun 2023 kamfanin John Deere ya sa hannu a wata takardar fahimtar juna da babbar ƙungiyar manoman ƙasar, ya yi alkawarin ba su damar samun kayan bincike da littattafan gyara. A cikin 2023 ɗin kuma jihar Kolorado ta kafa dokar da ta ba manomi haƙƙin gyara injinsa. A Janairun 2025 kuma hukumar kula da cinikayya ta gwamnatin tarayyarsu ta kai kamfanin kotu bisa zargin taƙaita gyara ga wakilansa. Wannan manomi ne da wakilin kamfani ke garinsu ko garin maƙwabta. Ina ga wanda ke Tajaye?

Yanzu ku dubi ɗaya ɓangaren. Me ya sa jar Massey Ferguson ta zama kamar ita ce sunan tarakta a ƙasar Hausa? Samfurin 135 an ƙera shi ne daga 1964 zuwa 1975, shekara goma sha ɗaya ana fitar da abu guda da injin Perkins mai silinda uku, kuma har yau ana buga masa sababbin kayan gyara a ƙasashe da dama. Jerin 300, wanda 375 da 385 ke ciki, ya fito a Ingila a 1986. Masana'antar Kobantiri da ta haife shi an rufe ta tun farkon shekarun 2000, amma kamfanin Millat na Lahor a Pakistan yana ci gaba da ƙera 375 da 385 da lasisi. Haka Belarus MTZ-80 da 82, da ake ƙerawa a Minsk tun 1974. Sirrin waɗannan injuna shi ne daɗewa a kan fasali ɗaya. Da abu ya daɗe, masu buga kayan gyara sukan yi yawa, farashi ya sauka. Mai shago ba ya tsoron ajiye boris ko ringi ko farantin kuloci, don ya san ko bana ko baɗi za a zo nema. Yaron gareji da ya koyi kwance injin a hannun maigidansa zai ci abinci da wannan ilimin har ya tsufa. Wadda ta mutu ma ba ta mutu a banza ba, gaɓoɓinta na raya wasu uku.

Mu a nan mun ga irin wannan da idonmu a kan injin ban ruwa. Ƙananan injunan da masu albasa ke ɗorawa a bakin rijiya, sunayen da ke jikinsu sun fi a ƙirga, amma cikinsu kusan duk zubi ɗaya ne, an kwaikwayi fasalin injin Honda. Shi ya sa ranar kasuwa za ka tarar da fistan da kafireto a kan tabarma, kuma a ƙauye da wuya a rasa saurayin da zai tayar maka da shi kafin albasa ta yi yaushi. Noman rani ya bunƙasa a Galmi da kewaye da taimakon wannan daidaiton, ko da ba wanda ya zauna ya tsara shi.

A kan tarakta kuwa akasin haka muka yi, kuma a nan ne nake ganin laifin ba na kamfanonin waje kaɗai ba ne. Mu sauyin samfuri ta hanya biyu yake zo mana. Kamfani na sauya nasa, mu kuma muna sauya kamfanin. Gwamnati ta yi odar taraktoci a sayar wa manoma da rangwame, kamar yadda aka sha yi ta hannun hukumar kayan noma ta CAIMA, a kawo iri ɗaya. Bayan ƴan shekaru a sake wata kwangila, wani ɗan kasuwa ya ci, ya kawo wani iri daga wata ƙasa. Furoje ya zo da kuɗin masu ba da agaji, ya sayo na ƙasar da ta ba da kuɗin. Wata ƙasa ta yi mana kyauta, ta aiko da nata. Kowanne a ranar miƙa makulli yana ƙyalli, an ɗaura masa ƙyalle, an yi jawabi. Shekara uku ko huɗu bayan haka, ku leƙa bayan ofisoshi da harabar ƙungiyoyin manoma: za ku ga wasu a kan duwatsu, an cire tayoyin, awaki na kwana a inuwarsu. Da yawansu ba wani babban abu ya kashe su ba. Wata ƴar roba ce ta famfon ɗaga garma, ko haƙorin giya guda, abin da bai kai kuɗin tunkiya ba, amma babu shi a faɗin ƙasar. Ina faɗin wannan da ɓacin rai, domin kuɗin talakawa ne, kuma gonakin da aka sayo su dominsu suna nan ana sararsu da hannu.

Garin da ke da tarakta goma iri ɗaya, ɗan kasuwa zai buɗe musu shago. Garin da ke da goma iri bakwai, ba mai zuba jarinsa, don bai san wanne zai ajiye ba.

Daga nan sai maganar daraja. A ƙasashen da ke da kasuwar taraktoci ta sosai, fitowar sabon samfuri na rage farashin na jiya, don mai kuɗi na son na yayi. A wurinmu abin da ke yanke farashin ta hannu tambaya ɗaya ce da mai saye ke yi wa makanikensa a gefe: in ta lalace za ka iya da ita? In ya gyaɗa kai, ciniki ya faɗa, ko da taraktar ta girmi direbanta. In ya yi shiru ya ce sai dai a gwada, to ko fentinta bai dushe ba za a taya ta da kuɗin wulaƙanci, ko a bar mai ita da ƴan gwangwan. Ku lura da abin da wannan ke nufi: ranar da kamfani ya daina samfurinka, ko wakilinsa ya rufe shago, a ranar dukiyarka ta zube, kana barci ba ka sani ba.

Bari mu yi lissafi da misali, kowa ya sa nasa alƙaluman a madadin nawa. A ce mutum biyu kowanne ya sayi tarakta da garmarta a kan sefa miliyan 15. Na farko ya sayi irin da aka sani. Ya yi shekara 8 yana aiki da ita awa 500 a shekara, sannan ya sayar miliyan 5. Abin da ta ci masa na faɗuwar daraja miliyan 10 ne, a awa 4,000 na aiki, wato jika biyu da rabi a kowace awa. Na biyu ya sayi wadda aka daina yi bayan shekara biyu. Saboda jiran kaya, awa 350 kawai take samu a shekara, a shekara ta biyar ta tsaya cak, ya sayar da ita miliyan 1. Ya yi asarar miliyan 14 a awa 1,750, wato jika takwas a kowace awa. Ninki uku da ɗoriya ke nan, tun ba a sa gazuwal ba, ba a sa baƙin mai da taya da haƙƙin direba da ruwan bashi ba. Wannan bambancin mai tarakta ba zai haɗiye shi shi kaɗai ba. Zai ɗora shi a kan kuɗin huɗar kowace hekta, ya faɗo kan mai ƴar gona da bai taɓa mafarkin sayen tarakta ba, daga nan ya shiga kuɗin buhun albasa da tiyar dawa. Ko da an ce ta biyun an sayar masa da ita da rangwamen miliyan uku, lissafin bai tashi ba. Araha ba ta ado.

Sai batun inganci. Injin da aka daɗe ana yi, an riga an gano cututtukansa a gonakin wasu, an gyara. Sabon fasali kuwa, duk gwajin da aka yi masa a masana'anta, masu sayen farko su ne ke ƙarasa gwajin da kuɗinsu. A inda garanti ke aiki, kamfani na kiran taraktocin ya sauya abin da ya samu matsala kyauta. A nan garanti takarda ce da sau da yawa ba ta wuce Yamai ba. In kamfani na gaggawar fitar da sabo duk shekara, lokacin gwajin na raguwa, kuma akan rage kuɗin ƙira a wuraren da ido ba ya gani ranar saye: kaurin ƙarfe, ingancin robobi, girman lagireto. Mai saye yana kallon fitilu da kujera, alhali abin da zai raba shi da kuɗinsa yana can cikin akwatin giya.

Akwai wani tarihi da nake son masu mulkinmu su ji. A jihar Nebaraska ta Amurka, wani manomi mai suna Wilmot Crozier ya sayi tarakta wajen 1916, lokacin da kamfanoni barkatai ke fito da samfura suna yi musu kirarin da ba su cancanta ba. Ta ƙi yin aikin da aka ce za ta yi. Da ya zama ɗan majalisar jihar, sai ya tsaya aka kafa doka a 1919: ba za a sayar da wani samfurin tarakta a jihar ba sai jami'ar jihar ta gwada shi ta tabbatar da ƙarfin da aka yi iƙirari, kuma dole kamfani ya ajiye isassun kayan gyaransa a cikin jihar. An fara gwajin a 1920, kuma wurin gwajin na aiki har yau. Sama da shekara ɗari da suka wuce ke nan wasu manoma suka gane cewa tarakta da kayan gyaranta abu ɗaya ne, ba a sayen ɗaya a bar ɗaya.

Kada wani ya ji wannan sharhi ya ce na ce tsohuwa ita ce alheri ko ta halin ƙaƙa. A'a. Akwai tsofaffin da suka gama rayuwarsu a gonakin Turai, aka watsa musu jan fenti, aka maƙala sabuwar lamba, aka mayar da agogon awa baya, aka kawo mana. Irin wannan tana shan baƙin mai, tana zubar da na ɗaga garma, kowane mako da abin da za ta nema. Kuma farin jinin tsohon samfuri ya jawo masa jabun kaya: matatar mai da kwalinta ya yi kama da na asali, cikinta kuwa takarda ce da ba ta tare komai. Sababbin ma suna da abin yabo da ba za a raina ba. Da yawansu sun fi tsimin gazuwal. Mai jan ƙafa huɗu tana fita daga laka inda tsohuwa za ta kafe. Sitiyari mai taushi na rage wa direba gajiya. Ƙarfen kariya da ke saman kujera yana ceton rai in tarakta ta kife a gangaren dutse da lodin duwatsu, kuma wanda ya san hanyoyin tudun Adar ya san wannan ba wasa ba ne. Abin da nake nema shi ne sabuwar ƙira a kan fasalin da ya zauna, daga kamfanin da ya yi niyyar zama tare da mu.

Wani abu kuma da ya kamata ya buɗe mana ido shi ne iyaka. Yawancin kayan gyaran da ke raya taraktocinmu ta Illelar Najeriya suke shigowa, daga Sakkwato da Kano. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufewa bayan sauyin mulki na Yulin 2023, ba a buɗe ta Ƙonni ba sai Maris na 2024. A waɗannan lokutan ko kayan da aka saba samu sun yi tsada sun yi wuya, balle na samfurin da dama can sai an yi odarsa daga wata nahiya. Ƙasar da ke maganar ciyar da kanta ba za ta bar huɗar gonakinta ta dogara da wani ƙaramin ƙarfe da babu shi a cikin gida ba. Muna da tushen da za a ɗora a kai: masana'antar ACREMA a Tawa ta daɗe tana ƙera garmar shanu da amalanke, ga cibiyoyin koyon sana'a a gundumomi, ga makanikan manyan motoci da suka ƙware a kan babbar hanyar da ta ratsa Ƙonni da Malbaza. Waɗannan hannuwan za su iya riƙe samfuri biyu ko uku da kyau. Ba za su iya bin goma sha biyar da ke sauyawa duk shekara ba, kuma ba adalci ba ne a zarge su da rashin iyawa.

Mutanen Illelarmu ta Nijar ma suna da abin tunawa a nan. Lokacin da aka tashi farfaɗo da fako a yankin Badagishiri, abin da ya fi yaɗuwa a hannun manoma shi ne tassa, bayan wasu manoma sun je Yatenga a Burkina Faso a 1989, ƙarƙashin wani shiri da asusun raya noma na FIDA ya ɗauki nauyi, suka ga yadda ake gina ramukan a zuba taki. Ta yaɗu daga gona zuwa gona, ta ci gaba bayan shirin ya tashi, domin kayan aikinta maƙerin gari na iya yin su. Duk injin da za a kawo mana a auna shi da wannan ma'aunin: in masu kawo shi sun tafi, wa zai riƙe shi?

Saboda haka, ɗan'uwa mai niyyar saye, ko kai kaɗai ne ko ƙungiya ce, kafin ka je wurin mai sayarwa ka fara zuwa gareji. Ka tambayi makanike biyu ko uku wane injin suka sani ciki da waje. Ka shiga shagon kayan gyara a Ƙonni ka ce a nuna maka matatar mai, farantin kuloci da famfon ruwa na samfurin da kake so, ka gan su a hannu, ka ji kuɗinsu. Ka tambayi mai sayarwa shekara nawa aka yi ana ƙera wannan samfurin, injin wane kamfani ne a ciki, kuma wa zai zo gonarka in ta tsaya a watan bakwai. Abin da ya amsa a rubuta shi a takarda, da shaidu. Ka karɓi littafin lambobin kayanta tun ranar saye. In a garinku akwai masu tarakta, ka sayi irin tasu, ko da wata ta fi burge ka. Kuma ka ware kuɗin gyara daga kuɗin huɗar farko, kada ka jira sai ta tsaya.

Ku kuma hukumomi, daga ma'aikatar noma zuwa hukumar filayen ban ruwa ta ONAHA, da majalisar manoma ta jahar Tawa, da magadan gari, da bankunan da ke ba da bashin kayan noma irin su BAGRI, roƙonmu gare ku a fili yake. Kada a sake sa hannu a kwangilar taraktoci sai an rubuta cewa mai kawowa zai buɗe ma'ajiyar kayan gyara a cikin jahar, ya riƙe ta aƙalla shekara goma, ya horar da makanikan Ƙonni, Malbaza da Illela, ya bar musu littattafai da na'urar bincike in injin na buƙatarta. A gwada kowane sabon samfuri damina guda da rani guda a ƙasarmu da man da muke sha kafin a yi odar ɗaruruwa. A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai taraktocin sun yi shekara biyu suna aiki. Sannan a aika a ƙirga waɗanda ke kwance a harabobi, a ga nawa ne za su tashi da ƙaramin gyara, a tayar da su kafin ruwan bana ya sauka.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Mai tarakta ko makanike da ke da abin faɗa a kan wannan batu, ƙofar wannan gidan rediyo a buɗe take, a zo a gaya wa manoma wane samfuri ne ake samun kayansa a kasuwanninmu. Allah ya ba mu damina mai albarka.